Abin da Ya Dawo da Ni Gwandu

Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a kan barowata Kalgo, ina yin shiru. Wasu sun ce mijin Addarku, wato babbar yayarku, shi ne ya kore ni, wasu sun ce ita ce ta gaji da jinyata. Akwai ma wadda ta rantse a gidan suna cewa da idonta ta ga an fito mini da kaya waje, alhali matar nan ko hanyar gidan ba ta sani ba. Tun da ku 'ya'yana kun matsa in rubuta muku rayuwata, kuma yau na iso kan wannan shekara, zan faɗe ta yadda ta faru. Musamman saboda kai Nasiru, da ka ɗauki waya daga Legas ka gaya wa yayarka maganar da har yau ba ta gama hucewa a kanta ba. Ba wanda ya kore ni. Da ƙafata na fito, kuma abin da ya fito da ni abinci ne.

Mahaifinku, Malam Umaru, Allah ya jiƙansa, ya rasu ana shirin fara girbin gero. Ina cikin takaba na soma jin ƙishirwar da ruwan randa ba ya kashewa, ga yawan zagayawa, ga rama. Kowa ya ce tunani ne, ni ma haka na ɗauka, sai da aka gwada jinina a asibiti aka ce ciwon suga ne. Aka ɗora ni a kan wata 'yar farar ƙwaya, kullum da safe. Ban wani tsorata ba. Macen da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban allo tana fama da 'yan aji ɗaya, ta yi ritaya da muryarta garau, ba ƙwaya ce za ta girgiza ta ba. Abin da ya fi damuna gidan ne. Gidan da ya saba da tarin Malam da ƙarar butarsa da surutun rediyonsa, sai ya koma daga ni sai ƙadangaru.

Da na fita takaba kuka taru a tsakar gida kuka yanke shawara, ni ina zaune kamar ba a kaina ake magana ba. Kai Nasiru ciki da falo gare ka a Legas, ƙanenka Kabiru yana aikin soja, yau yana nan gobe yana can. Saura Addarku a Kalgo, kusa da asibitin Birnin Kebbi.

"Inna, ba mu barin ki ke ɗai cikin gidanga da ciwo," in ji ka.

Na ce, "Ni in zamna gidan suruki? Da raina da lahiyata? Mi mutanen Gwandu za su ce?"

"Mutanen Gwandu ba su ka kai ki asibiti ba in kin hwaɗi."

Ka fi ni baki a ranar. Amma akwai abin da ku yaran yanzu kuke ɗauka wasa, mu kuwa da shi aka gina mu. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta hira da ita, ba ta sa hannu a kwano ɗaya da ita. Addarku ita ce ta farina. Tun da aka yaye ta kakarku ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Sunanta bai taɓa fita bakina ba, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba, kun san shi. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Ina son ta fiye da yadda zan iya faɗa, amma son da aka koya mini na kawar da kai ne. Suruki kuwa ba a ma magana. Mahaifiyata ta taɓa ɓuya a bayan rumbu da guntun rogo a hannu har Malam ya gama gaishe da mutanen gida ya fita. To ku duba, ni aka ɗauka aka kai gidan mutum biyun da na fi jin kunya a duniya.

Alhaji, mijin Addarku, mutumin kirki ne, ku rubuta wannan ku ajiye. Ya sa aka yi wa ɗakin da ke kusa da bishiyar darbejiya sabon fenti, ya sa fanka, ya sayo katifa. Kullum da safe kafin ya tafi shagonsa na shinkafa a Birnin Kebbi sai ya durƙusa a bakin ƙofata, labule a tsakaninmu.

"Inna, an tashi lahiya? Akwai abin da aka bukata?"

"Lahiya lau. Babu komi, Allah shi yi albarka."

Ko da akwai, amsar ke nan. Ita kuwa Addarku, ta ɗauki ciwon nan kamar abokin gaba. Ranar da na sauka ta tattara sukari da zuma da dabino ta kulle a ɗakinta, ta tara 'ya'yanta ta ja musu kunne cewa duk wanda ya ba Inna ko alawa ce sai ta zane shi. Ta bi maƙwabta ta roƙe su kada a aiko mini da fura. An gaya mata mai suga ba ya cin abinci da yawa, sai ta samo wani ɗan murfin kwano ta mai da shi ma'auni. Tuwon alkama malmala ɗaya da ba ta fi ƙwan agwagwa ba, sai ganye fal. Duk don tana tsoron ta rasa ni ne, watanni kaɗan bayan ta rasa ubanta. Na san haka tun a lokacin, shi ya sa bakina ya ƙara nauyi.

Ga yadda wuni yake tafiya. Da safe a kawo mini shayi ba sukari da ƙosai biyu, in sha ƙwayata. Alhaji ya fita, Addarku ta tafi wurin aikinta, yara su tafi makaranta, a ja ƙofar gida. Daga nan sai ni da inuwar darbejiya, ina kallon ta tana janyewa daga bakin ƙofata. Ban san kowa a Kalgo ba. A Gwandu ko tari na yi sai wata ta leƙo ta katanga ta ce sannu, a nan kuwa in ba mai tallan omo ya yi sallama ba, da wuya in ji muryar mutum. Addarku ba ta dawowa sai bayan azahar, ta ɗora tukunya, abinci ya sauka ana kiran la'asar. Ba ta bar ni hannu rabbana ba, ta rataye mini makullin sito a ƙusa, ta ce wa 'yarta ta gaya mini in ɗebi duk abin da nake so. Ni in buɗe siton suruki in auni hatsinsa, in hura wuta a murhunsa? Makullin nan har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa ban taɓa shi ba.

Wajen tsakar rana abin yake zuwa. Sai in ji yatsuna suna rawa, gumi mai sanyi ya keto mini a goshi, zuciyata ta yi ta bugawa. Idona ya yi hazo. Wani irin fushi ya taso mini ba dalili, har wata rana na daka wa Hajiya Kulu tsawa, maƙwabciyarmu da takan leƙo ni jefi-jefi, don kawai ta tambaye ni ya jiki sau biyu. Na sha tsayawa a sallar azahar in rasa raka'a ta nawa nake. Ni dai na san ina jin yunwa, amma ban taɓa haɗa yunwar da wannan ba. Na ɗauka sugan ne ya hau, sai in ƙara ƙudurta cewa gobe ƙosai ɗaya zan ci. Mutanen gida kuwa suka ce ko dai tunanin Malam ne, ko kuwa na gamu da iska a ƙarƙashin darbejiyar nan.

Alhaji ya je ya karɓo mini rubutu wurin wani malami, aka ce in riƙa sha da rana da cokalin zuma a ciki. Addarku ba ta so zumar ba, amma wa zai ja da malami? Ikon Allah, ina sha sai rawar jikin ta tsaya, idona ya washe. Gida ya ɗauka an kori iska, Hajiya Kulu har ta nemi a kwatanta mata gidan malamin. Ban raina ayar Allah ba, kada ku ce na ce, amma zumar nan ma ta yi nata aikin. Da rubutun ya ƙare aka mai da zuma ɗaki aka kulle, iskar ta dawo da ƙarfinta.

Ranar da na faɗi, na fito ne zan yi alwalar azahar. Na tuna na ɗauki buta, na tuna ƙasa tana tasowa. Hajiya Kulu ce ta shigo aron turmi ta tarar da ni kwance a rana, zanena jiƙe da ruwan buta. Farkawa na yi a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannuna, Alhaji a bakin ƙofa ya juya baya, Addarku a tsaye idanunta jajur. Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar Kabiru ba. Ina ji tana gaya musu cewa sugana ne ya faɗi ƙasa ƙwarai, ruwan da ake ƙara mini ma na sukari ne.

"Sukari?" in ji Addarku. "Likita, mai ciwon suga ta. Ko ɗanɗane ba mu ba ta."

"Ciwon nan ƙofa biyu gare shi, Hajiya. Yana hawa, yana kuma sauka, saukar ta fi saurin kayar da mutum." Ta juyo gare ni. "Mama, yaya cin abincinki?"

Suruki yana jin mu, 'yar fari tana kallona. Na ce, "Ina ci ƙwarai. Ba a rage ni da komi ba."

Yarinyar nan tana da wayo. Ta dube ni, ta dubi wuyan hannuna, sai ta rubuta magani ta tura su duka biyun su sayo. Da suka fita ta jawo kujera ta zauna, ta sake tambaya ƙasa-ƙasa, me na ci da safe, yaushe na ƙara sa wani abu a baki. Na gaya mata. Ta ce ƙwayar da nake sha ba ta san ko na ci ko ban ci ba, ita dai aikinta ta sauke suga, in ba ta tarar da abinci ba sai ta sauke ni. Ta ce za ta rage mini ita, amma dole in riƙa cin abu kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada in bari tsakani ya yi nisa. In na ji rawar jiki ko gumin nan, in yi maza in ci dabino biyu ko uku, ko in dama sukari a ruwa in sha, in ɗan jira, in bai lafa ba in ƙara, in ya lafa in bi shi da abinci mai riƙe ciki, wake ko gyaɗa ko fura da nono. Ta ce bari su dawo ta gaya musu yunwa ce ta kayar da ni. Na kama hannunta.

"Don girman Allah, ɗiyata, kada ki ce masu yunwa ta. Ki ce ƙwaya ta yi min ƙarhi."

"Ita ma gaskiya ce, Mama, amma rabi ce."

"Ba su rabin. In ɗiyar nan taj ji da yunwa nih hwaɗi cikin gidanta, ba ta ƙara ɗaga kai."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce to. Da suka dawo ta ce musu ƙwayar ta yi mini ƙarfi, a riƙa ajiye mini abincin rana da wuri, a bar dabino kusa da ni.

Za ku ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, sabon salo ta ɗauka. Addarku ta koma tashi tun asuba tana dafa mini na rana ta zuba a kula, da ɗan murfin nan dai, don tsoron hawan sugan bai bar ta ba. Alhaji kuwa, bawan Allah, sai ya ɗora wa kansa dawowa daga Birnin Kebbi kullum da rana don ya tabbatar na ci. Ya zo ya zauna a benci a ƙarƙashin darbejiya, dab da tagata.

"Inna, an taɓa abincin kuwa? Ina nan, ba sauri nika ba."

Shi a ganinsa kulawa ce, kuma kulawar ce. Ni kuwa ina ciki da kula a gabana, ina tsoron cokali ya taɓa kwano ya ji. Wani lokaci in juye rabi a leda in ɓoye, in miƙo kular waje don ya samu ya koma shagonsa. Cikina ya zama zancen gida. Yara su dawo makaranta, kafin su cire takalmi sai, Inna ta ci? Baƙo ya zo, a gaya masa abin da na ci da abin da na rage. Ni da ko Malam sai da muka haifi Nasiru na iya cin tuwo a gabansa.

Sai ranar da mahaifiyar Alhaji da yayyensa mata suka zo dubiya daga Ceberu. Tun da hantsi suka cika ɗakina, aka baje hira. Rana ta take, aka kawo abinci a babban faranti, tsohuwar ta ce bismilla, mu sa hannu tare. Na ce alhamdu lillahi, yanzun nan na ci. Ita ma ta san ba haka ba ne, ita ma da a gidana ne abin da za ta ce ke nan, don haka ba ta matsa ba. Suka ci, ina kallon bango. Can sai na ji yatsuna sun fara. Gumin ya keto. Muryoyinsu suka soma yin nisa. Na san in na ƙara jinkiri a gabansu zan kife. Dabinona yana ƙulle a gefen zane. Na zura hannu ta ƙarƙashin hijabi na kwance shi, na juya fuska kamar tari ya sarƙe ni, na tura ɗaya a baki, na ƙara wani. Na tauna a hankali yadda haɓata ba za ta motsa ba. Ƙwallayen kuwa na rasa inda zan tofar, sai na tura su a kumatu. Da su a bakina na amsa sauran hirar, da su na yi musu Allah ya kiyaye hanya.

Da suka fita na tofar da su a tafin hannuna, na zauna ina kallon su, sai hawaye. Mace da jikoki, wadda ta koyar da rabin unguwarsu karatu, tana satar cin dabino a ƙarƙashin hijabi. A wurin na gane abu biyu ne a gabana. Ko in buɗe baki in gaya wa 'yata da mijinta cewa abincinsu ba ya isata kuma idonsu yana hana ni ci, ko in koma inda zan ci ba mai kallona. Na farkon shi ne mai sauƙi a wurinku. Ni na gwada shi a zuciyata ya fi a ƙirga, bakina bai ɗauka ba.

Na ce musu damina ta kusa, rufin ɗakin Malam yana zuba, littattafansa za su lalace. Alhaji ya ce zai tura magina gobe. Na ce sai ina tsaye. Ya turo limamin unguwa da wani kawunsa su ba ni haƙuri in an yi mini laifi, na ce ba a yi mini komai ba, suka tafi suna jinjina kai. Da safen da mota ta zo, ina naɗe darduma, Addarku ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta saba yi mini magana kai tsaye ba, ni ma haka.

"Inna, mi munka yi miki?"

"Ba ku yi min komi ba."

"To mi za ni ce ma su Nasiru?"

"Ki ce na tahi gida."

Ta matsa ta ba ni hanya. Ban dube ta ba, don na san in na dube ta ba zan iya shiga motar nan ba.

A Gwandu na tsara wa kaina rayuwa, kuma ita nake bi har yau. Bayan asuba kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, sai na ci nake shan ƙwaya, ba na kuskuren shan ta a kan wofin ciki. Da hantsi wata Bafulatana daga wajen Kambaza takan kawo nono, in dama 'yar fura ba sukari. Da azahar wake, ko dambu da zogale da ɗan kifi. Da la'asar gyaɗa ko gwaiba, in an yi isha'i tuwon dawa daidai cikina. Ba na cika ciki, ba na kuma bari ya yi kuka. Dabino yana gefen zanena, yana kusa da darduma, yana kan taga ta hanyar bayan gida. Na gaya wa Dije, maƙwabciyata ta katanga, cewa in ta taɓa tarar da ni ba na magana kada ta ɗura mini komai a baki, ta nemi mota kawai. Tun da na dawo ban ƙara faɗuwa ba. Rawar jikin takan leƙo in aiki ya shagaltar da ni, amma yanzu na san sallamarta tun daga zaure.

Kada ku ɗauka daɗi na dawo sha. Azumin Litinin da Alhamis da muka yi shekaru muna yi da Malam, likita ta ce in ajiye shi. Da watan azumi ya kama ta duba ni ta ce bana dai ciyarwa zan yi. Gari duk yana azumi, ni ina ɗaki da ƙofa a rufe da rana tsaka ina cin wake. In an kira magariba ina jin ƙarar kwanoni da hayaniyar yara daga kowane gida, nawa shiru. Na sayi kaji ba don ƙwai ba, don in riƙa jin motsi. Na yi kewar jikokina har nakan ji kamar ana kiran Inna daga zaure, in fito ba kowa. Lafiyar na samu, amma ni kaɗai nake cin ta.

A tsakanin nan ne kai Nasiru ka yi wayarka, ka ce wa Addarku ta kasa riƙe uwarta ko shekara guda. Labarin ya iske ni ta bakin Dije. Daga nan ta ɗauke ƙafa. Takan aiko direba da alkama da kifi da sabulu, ita ba ta zuwa. Damina ta wuce, aka yi girbi, ban sa ta a ido ba.

Wata Asabar da hantsi ya yi nisa na ji sallama, muryar da ko a cikin kasuwa zan gane. Ita kaɗai ta zo, ba yaro ko ɗaya. Ta rame. Ta zauna a bakin tabarma muka gaisa, ya Alhaji, ya yara, ya aiki, sai magana ta ƙare. Muka zauna muna kallon kaji. Lokacin cin abincina ya yi, ya gota. Na yi ta fatan ta tashi ta shiga gaida Dije, ba ta tashi ba. Sai na ji ɗan yatsana ya motsa. Na ce a raina, a Kalgo na gudu, a nan kuma ina zan gudu? Na tashi na shiga madafa, na zubo dambu da kifi yadda na saba zuba wa kaina, na dawo na zauna a gabanta. Na yi bismilla na sa hannu. Ban ɗaga kai ba har na suɗe kwanon, amma ina jin idonta a kan kowace loma.

"Inna," ta ce a hankali, "dauri ma haka kika cin abinci?"

"Haka na."

"Sau nawa a wuni?"

"Kamar biyat. Kaɗan-kaɗan."

Ina ganin leɓenta yana motsi, tana lissafin abin da ba sai an gaya mata ba.

"Ni ko da ɗan murhin kwanon nan nika auna miki." Muryarta ta karye. "Inna, da yunwa kinka zamna gidana?"

Na ce, "A'a."

Ta dube ni, karo na farko ido cikin ido tun tana goye. Ta san ba gaskiya na faɗa ba, ni ma na san ta sani. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ni kuma ina zaune da hannu duk dambu, ban san yadda ake rarrashin 'yar fari ba, ba wanda ya taɓa koya mini. Da ta natsa ta ce in koma, za ta sa a yi mini madafata daban, Alhaji ba zai ƙara zama a bencin nan ba. Na ce mata nan ya fi mini, ta riƙa turo yara in an yi hutu. Ba ta ja ba. Ta ɗauki kwanon ta shiga madafa, na ji ta daɗe tana motsi da tukwane.

Kafin la'asar ta yi mini sallama. Na raka ta har zaure, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya har ƙarar motar ta ɓace. Da na koma madafa na tarar ta zuba mini abincin marece ta rufe. Ta cika kwanon har murfin ya ƙi zama. Na ci iya cikina, ko rabi ban yi ba, kuma ba wanda zan kira ya taya ni.